Wa Zai Gaji Karofi? Fashin Baƙi Kan Ilimin Sana'o'in Gado Da Kasuwarsu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin rijiyar rini a karofin Ƙofar Mata, wato marinar nan ta birnin Kano, ya san abin da ke fara kama ido. Marini na zaune a bakin rijiya, ya tsoma farin yadi cikin ruwan baba, ya juya shi, ya matse, ya ɗago. Yadin yakan fito kore-kore ne da ratsin ɗorawa. Sai ya baza shi ya sha iska, kana kallo launin zai fara juyawa har ya koma shuɗi. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa, haka zai yi ta yi har shuɗin ya kai inda mai kaya yake so, wani ma har ya doshi baƙi. Hannunsa kuwa ya daɗe da rinewa, sabulu ba ya fitar da shi.

Ɗalibin sakandare da ke karanta kimiyyar haɗa sinadarai yana da bayanin wannan abu a littafinsa, amma da wuya ya san cewa a bayan gidansu ake yin sa. Shuni ba ya narkewa a ruwa. Sai an zuba baba da toka da katsi, wato ƙonannen dattin gindin rijiyar rini, a rijiya, an bar su sun ruɓa kwanaki, ana motsawa, ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani sun cinye iskar da ke cikin ruwan, sannan shunin ke sauya kama ya narke ya shiga zare. Da yadin ya fito ya haɗu da iska sai shunin ya koma yadda yake tun asali, ya maƙale a cikin zaren. Marini bai san sunayen sinadaran ba, amma da wari da kumfa da kalar ruwan yake gane rijiya ta nuna ko ba ta nuna ba. Ɗalibin ya san sunaye, bai taɓa jin warin ba. Tsakanin waɗannan mutum biyu akwai rata, kuma duk maganar da ake yi ta ilimin fasaha da al'adun gado a wannan ratar take.

Allon da ke bakin marinar ya ce an kafa ta a 1498, wato ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ne kuma ya kafa Kasuwar Kurmi. Yau rijiyoyi da dama a wurin sun cike da ƙasa da shara, kaɗan ne ke aiki, masu aikin kuma yawanci furfura ta kama su. Gwamnatoci sun zo sun yi katanga, sun yi fenti, sun tafi. Tambayar da ta dame ni ita ce: wane irin ilimi ne zai sa yaro ya zauna a bakin rijiyar nan ya ci abinci da ita, ya yi aure, ya biya kuɗin makarantar 'ya'yansa? Domin in ba a amsa wannan ba, duk sauran kwalliya ce.

Kafin a kai ga amsa, ya kamata a tuna cewa waɗannan sana'o'i tun farko kasuwanci ne, ba kayan nuni ba. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851. Ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa waje a shekara sun kai na wuri miliyan 300 a ƙalla, kuma ya ce suna isa Murzuk da Gat da Tarabulus ta arewa, da Tambutu ta yamma. Abin da ya fi burge shi shi ne ba a manyan masana'antu ake aikin ba, a gidaje ake yi, iyali na samun abinci ba tare da sun bar muhallinsu ba. Abin da ake kira ƙananan masana'antu a takardun gwamnati yau ke nan, an yi shi a nan an ƙware tun kafin a ƙirƙiro sunan. Mata na kaɗi da mazari, masaƙa na saƙa, marina na rini, mabuga na bugu har turkuɗi ya riƙa ƙyalli, fatake na ɗauka. Garin Kura har yau shi ne ke yi wa Buzaye alasho, rawanin da ke zubar musu da shuni a fuska.

Sana'o'in kuma a sarƙe suke da juna. A ɗauki laso, simintin da ake shafe rijiyar rini da shi don kada ta tsiyaye. Da katsi ake haɗa shi, wato dattin gindin rijiya da aka ƙone, a sa gashin dabba daga majema, a sa ruwan dafara. Ke nan shara daga wurin marini da shara daga wurin majemi su ne kayan aikin magini. Sunayen unguwanni ma shaida ne: Dukawa, Soron Ɗinki, Lokon Maƙera, Karofin Zage. Kowace sana'a da sarkinta, Sarkin Maƙera, Sarkin Magina, Sarkin Karofi, shi ke sasanta rigima, shi ke tsawata wa mai ha'inci. Makarantar kuwa zaure ne. Yaro na fara aike da share wuri, ya koma riƙe kaya, ya koma yin ƙaramin aiki, shekaru na tafiya hannu na faɗawa, har ranar da ubangidansa zai sallame shi.

Rushewar abin ba dare ɗaya ta faru ba. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, ya karya darajar baba a duniya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, yadin Ingila ya shigo a sauƙaƙe, ayarin raƙuma ya ja baya. Masaƙun zamani sun zo, babba ta farko a Kaduna a 1957, su ma daga baya suka durƙushe, babbar cikinsu UNTL ta rufe a 2007. Kantin Kwari ya cika da kayan Sin, har da kwaikwayon rinin gida da aka buga da inji. Sannan harin 20 ga Janairun 2012 a Kano ya kori 'yan yawon buɗe ido da ke ɗan taɓa kasuwar Ƙofar Mata da Kurmi. Wannan duk an sani.

Akwai abin da ba a cika son faɗa ba, wanda kuma ya shafi ilimi kai tsaye. Mu da kanmu muka koya wa 'ya'yanmu raina waɗannan sana'o'i. Tun da can akwai gidajen da ba sa ba majemi ko marini ko maƙeri aure. Boko ya zo ya ƙara gishiri: wanda ya yi karatu shi ne mai farar riga da biro a aljihu, wanda hannunsa ya yi shuɗi shi ne wanda bai samu dama ba. Ɗan marini da ya kai aji shida yana jin kunyar abokansa su gan shi a karofi. Uban ma, don ƙauna, shi ke cewa je ka yi karatu kada ka ƙare kamar ni. Ba zan ga laifin uban ba, ya ga abin da sana'ar ke kawowa gida, ya yi lissafi. Amma sakamakon shi ne gado ya katse a tsakiya, daga mai ilimin da ba shi da magaji sai mai takardar da ba shi da aiki.

To, me ake nufi da tallafa wa masu sana'a ta hanyar ilimi? A ganina mutum uku ne ke buƙatar karatu a nan, kuma mun saba kallon guda ɗaya kawai.

Na farko shi ne wanda kowa ke tunawa, wato mai koyo. A nan ne aka fi ɓarnar kuɗi. Na taɓa halartar bikin rufe wani horo da aka yi wa matasa na kwana biyar a wani ɗakin taro. An koya musu ɗaure yadi da tsoma shi a bokitin kalar kanti, an raba musu takardar shaida da bokiti da safar hannu, an ɗauki hoto. Wanda ya koyar da su daga wani gari aka ɗauko shi, aka biya masa otal. Tafiyar minti kaɗan daga ɗakin akwai dattawan da suka yi shekara arba'in suna rini, ba wanda ya gayyace su ko da zuwa cin shinkafar rufe taro. Bayan wata biyu na ga irin bokitan ana ɗiban ruwa da su. Raina ya ɓaci ƙwarai, don kuɗin da aka kashe a kwana biyar ɗin zai iya riƙe yara da dama a hannun gwani na tsawon shekara.

Sana'ar hannu ba ta shiga jiki a mako guda. Mai ɗinkin babbar riga sai ya yi shekaru kafin a ba shi aska takwas ya zana da kansa. Baduku sai ya lalata fata da yawa kafin wuƙarsa ta daina kaucewa. Saboda haka tallafin da ke da ma'ana shi ne wanda ya bi tsarin da ya riga ya yi aiki ɗaruruwan shekaru, ya toshe inda yake yoyo. Inda yake yoyo kuwa wuri biyu ne. Gwani ba shi da halin ciyar da yaran da ba su fara kawo kuɗi ba, yaro kuma ba shi da haƙurin shekara uku babu ko sisi alhali abokinsa na samun na kashewa a kan babur ko a shagon cajin waya. A biya gwani a matsayin malami, a ba yaro ɗan abin sabulu duk wata, a tsara lokaci yadda ba zai bar makaranta ba, da safe aji da yamma zaure. Japan tun shekarun 1950 take ware gwanayen sana'o'in gargajiya, daga baya ta fara ba su kuɗi duk shekara, yanzu yen miliyan 2, bisa sharaɗin su ci gaba da aikin su kuma horar da magada. Ba sai mun kai can ba ma. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, tana da tsarin ba da shaidar ƙwarewa ga wanda ya koyi aiki a wajen aji, kuma an gwada shi da masu sana'ar kasuwar Panteka a Kaduna. Abin da aka yi wa mai walda za a iya yi wa marini da baduku.

Wani abin lura shi ne wannan tunani ba sabo ba ne a Kano. Makarantar boko da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa a 1909 tana da sashen sana'a, inda masu sana'ar gari ke koyar da dukanci da ƙira da saƙa da ɗinki. Gidan da ya zauna yana nan, shi ne Gidan Ɗan Hausa. A hanya ne aka yar da wannan ɓangare aka riƙe alli da allo kaɗai. Yau akwai darasin al'adu da fasaha a manhajar firamare da ƙaramar sakandare, amma a yawancin makarantun da na sani a kan allo ake yin sa. Malami ya rubuta ma'anar rini, yara su kwafa, su haddace, su rubuta a jarrabawa. Yaro ya ci maki tamanin a darasin saƙa bai taɓa ganin masaƙa ba.

Wannan ya kawo mu ga mutum na biyu, wanda a wurina ya fi na farko muhimmanci, kuma shi aka fi mantawa: mai saye. Cikin yara ɗari da za a kai gidan tarihi na Gidan Makama ko Ƙofar Mata, wataƙila biyu ne za su taɓa riƙe sana'ar. Sauran casa'in da takwas su ne za su zama ma'aikata da 'yan kasuwa da iyayen amare. Su ne za su yanke shawarar wace hula za a saya, wace jaka za a raba a taro, da me za a yi wa ɗakin amarya ado. Idan idonsu bai san bambancin ɗinkin hannu da na inji ba, to araha kawai za su bi, kuma ba su yi laifi ba. Mutum ba ya biyan kuɗin abin da bai gane ba.

Je ka Kurmi ka tsaya kusa da mai sayar da huluna ka ji yadda ciniki ke tafiya. Mai saye zai ɗaga hular hannu, ya ji kuɗinta, ya ajiye da sauri, ya nuna ta inji ya ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Juya ta ciki ka gani. Ta hannu za ka ga sawun allura, ramukan ba su zama daidai cif ba, zaren ya ratsa ya dawo, kuma mace ce ko saurayi ya yi makonni a kanta, tsakanin girki da raino ko tsakanin darasi da darasi. Tana shan wanki da bugu shekaru tana ƙara kyau. Wanda aka taɓa nuna masa wannan sau ɗaya yana yaro, aka ba shi allura ya gwada rami goma ya ji yadda wuya ke ƙagewa, har abada ba zai ƙara cewa duk ɗaya ne ba. Zai yi ciniki, Bahaushe ne, amma zai yi shi da sanin abin da yake taya wa.

Shi ya sa nake ganin ziyarar makaranta zuwa wurin masu sana'a ba yawon shan iska ba ce, gina kasuwar shekara ashirin masu zuwa ce. Amma da sharaɗi. Yadda ake yi yanzu, motar makaranta ta tsaya, yara su sauko a layi, a yi musu bayanin minti goma, su ɗauki hoto, su tafi, marini ya tashi da hayaniya kawai. Kamata ya yi kowane yaro ya zo da farin hankici, ya ɗaure shi da zare da hannunsa, ya tsoma, ya ga koren nan ya juye shuɗi, ya tafi da shi gida ya nuna wa mahaifiyarsa. Makaranta ta biya kuɗin darasin kamar yadda take biyan kuɗin mota. Malamin kimiyya ya ɗora nasa bayanin a kai washegari, malamin tarihi ya kawo Rumfa da fataken Sahara, malamin lissafi ya sa su auna yawan ruwan da rijiya ke ci. Makarantu ashirin kacal in suka ɗauki wannan a matsayin al'ada, an samar wa karofi kuɗin shiga da bai dogara da zuwan Bature ba.

Batun Bature kuwa darasi ne da Agadas ta koya da tsada. Maƙeran azurfa na can, masu ƙera shahararriyar sarƙar nan da ake kira da sunan garin, da masu aikin fata, sun ginu sosai a kan baƙi daga Turai. Tawayen 2007 da sace ma'aikatan ƙasashen waje a Arlit a 2010 suka tsayar da zuwan baƙin. UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, amma suna a takarda bai dawo da masu saye ba. Sana'ar da kasuwarta ke hannun baƙo, ranar da hanya ta rufe ita ma ta rufe. Sai dai Nijar na da wani abin koyi a Yamai. Gidan tarihi na ƙasa, wanda aka buɗe a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Boubou Hama, tun farko an tsara shi da rumfunan masu sana'a a ciki. Maƙeri da baduku da masaƙi na aiki a gaban mai ziyara, suna sayarwa kai tsaye, akwai kuma sashen koyar da yara. Kayan da ke cikin gilashi da mutumin da ke yin irinsu suna haraba ɗaya. Ban ga abin da zai hana Gidan Makama ya zama haka a kullum ba.

Mutum na uku shi ne gwanin kansa. Wannan magana tana da nauyi, don ba a son a ce wa dattijo yana da sauran karatu. Amma gaskiya ita ce ya iya aiki, ba a koya masa tsare haƙƙinsa a kasuwar yau ba. Yawancin masu sana'ar hannu da na zauna da su ba sa sa lokacinsu cikin lissafi. Za su ƙirga kuɗin fata da zare da kala, su ɗora ɗan abu a kai, shi ke nan. Kwana goman da aka yi ana aikin kamar kyauta ne. Dillali ya saya a haka, ya kai Abuja ko Legas ko ya sa a Instagram, ya ninka kuɗin sau da yawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba ina cewa dillali ɓarawo ba ne, yana da nasa aikin, shi ya san mai saye, shi ya ɗauki kasada. Amma in mai yin kaya bai san nawa ake sayar da kayansa a ƙarshe ba, ba zai taɓa iya ciniki da dillalin ba.

Ilimin da ake buƙata a nan ba mai yawa ba ne, kuma 'ya'yan gidan da suka yi boko su ne suka fi dacewa su riƙe shi: rubuta abin da aka kashe da abin da ya shigo, ɗaukar hoto mai kyau da waya, amsa saƙon mai saye a kan lokaci, aika kaya, da cika alkawari. Na ƙarshen nan ya fi kashe mana kasuwa fiye da kayan Sin. In aka ce guda hamsin iri ɗaya ranar Laraba, to su zama hamsin, iri ɗaya, ranar Laraba. A nan ɗan marini mai digiri zai samu gurbi a sana'ar gidansu ba tare da ya ji ya koma baya ba, kuma daga riƙe littafi da waya sau da yawa hannu kan kai ga rijiyar.

Sai batun sauya fasali. Wasu na ganin duk wanda ya taɓa tsohon zane ya ɓata gado. Ban yarda ba. Matan birnin Zariya da suka haɗu a ƙungiyar ɗinki ta Queen Amina tun 1994 sun ɗauki zanen babbar riga sun ɗora a kan rigunan mata da rigar matashin kai da shimfiɗar tebur, sun samu masu saye har ƙasashen waje, ɗinkin kuma bai daina zama na Zazzau ba. Jami'ar Ahmadu Bello na da sashen zane-zanen masana'antu, Samaru na da cibiyar binciken fata ta NILEST, duk a Zariya. Ɗalibin da ke neman aikin kammala karatu da baduku da ke neman sabon samfurin jaka suna gari ɗaya, abin da ya rage a haɗa su ne, kuma a rubuta sunan badukun a jikin aikin.

Labarin Ladi Kwali ya nuna alheri da kuma iyakar irin wannan haɗuwa. Bagwariya ce daga Kwali, ta koyi ginin tukwane a gida tun tana yarinya. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yana ajiye tukwanenta, a fadarsa ne Baturen nan maginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su. Ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, ita ce mace ta farko. Ta koyi aiki da keken juya yumɓu da gashi mai zafi da shafe mai ƙyalli, amma ba ta bar zanenta na kada da ƙadangare da kunama ba. Ta zaga Turai da Amurka tana nuna gwaninta, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, hotonta na bayan takardar naira 20. Wannan nasara ce babba. Sai dai tukwanen da cibiyar ta fitar sun yi nauyi da tsada ga matar da ke ɗiban ruwa, sun zama kayan ado na masu hali, sauran magina tukwane na ƙauyuka kuma roba da alminiyam suka ci kasuwarsu. Ɗaga gwani ɗaya sama abu ne mai kyau, amma shi kaɗai ba ya riƙe al'ummar masu sana'a.

Abin da ke riƙe su shi ne buƙata mai maimaituwa, kuma muna da ita a gabanmu. A Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Mai kallo dawaki da mahaya yake gani. Amma a dubi doki guda: sirdi aikin masassaƙi da baduku, linzami da likkafa aikin maƙeri, jalala da sauran kayan ado aikin maɗinka, lifidi aikin wasu daban, rigar mahayi da rawaninsa da alkyabbarsa da takalminsa kowanne da mai yi, ga masu kakaki da algaita da tambari da waɗanda ke ƙera musu kayan. Hawan Daushe ɗaya kasuwa ce ta gidaje masu yawa, ana shirinta watanni. Shi ya sa duk shekarar da aka soke hawa, ko don annobar korona a 2020 ko don rikicin sarautar da ya ɓarke a 2024, asarar ba ta tsaya a kan masu kallo ba, ta shiga tukunyar baduku. Duk mai son tallafa wa waɗannan sana'o'i ya fara da kare lokutan da ake sayen kayansu.

Gwamnati kuma in tana son taimakawa, ta zama mai saye kafin ta zama mai raba tallafi. Thomas Sankara ya sa ma'aikatan Burkina Faso sanya saƙin ƙasarsu, Faso Dan Fani, a shekarun 1980, masaƙa suka samu aiki, yadin kuma har yau yana da daraja a can. Ba lalle a tilasta wa kowa sutura ba. Amma jakunkunan da ake rabawa a tarukan ma'aikatu, kyautar da ake ba manyan baƙi, labulen masaukin gwamnati, murfin takardar shaidar kammala jami'a, duk kuɗi ne da ake kashewa ko ta yaya. A karkatar da kaso daga ciki zuwa Dukawa da Kura da Ƙofar Mata, a biya a kan lokaci, a ba ƙungiyar masu sana'ar kai tsaye ba ɗan kwangilar da zai je Kwari ya sayo kwaikwayo ba. Haka nan a samar da tambarin shaida, yadda Nijar ta yi wa kilishinta da albasar Galmi rajista, don mai saye ya san wannan rinin baba ne na rijiya, wancan na kanti ne. Masu rinin shadda da kalar kanti su ma 'yan gida ne, dubban matasa ke ci daga nan, nasu ilimin shi ne na kare hannu da huhu daga soda da kuma inda za a zubar da ruwan. Abin da ake so kawai kowane kaya ya amsa sunansa.

Cikin duk waɗannan akwai wanda ba ya jira. Kasuwa za a iya farfaɗo da ita bayan shekara goma, manhaja za a iya gyara ta baɗi. Amma mutanen da suka san yadda ake haɗa laso, da yadda ake gane rijiyar da ta gaji a farfaɗo da ita, da sunan kowane ɗauri da matan cikin gari ke yi wa yadi kafin a kai shi karofi, tsofaffi ne, kuma abin a kansu yake, ba a rubuce ba. Sassan Hausa da na tarihi a Jami'ar Bayero da sauran manyan makarantun Kano suna yaye ɗalibai duk shekara, kowanne da kundin bincike. A tura wasunsu su zauna da waɗannan dattawa wata shida, da waya mai ɗaukar bidiyo da littafi, a biya dattawan kuɗin lokacinsu, a rubuta da Hausa yadda jikokinsu za su iya karantawa. Sannan a tono rijiya guda daga cikin waɗanda suka cike, a shafe ta da laso a gaban yaran, dattijo na faɗa suna yi, a zuba mata baba.